Ruwan Wardi: Ƙamshi Ne Ko Magani?

Gabatarwa

Daga cikin kayan ƙamshin da ɗan Adam ya daɗe yana ta'ammali da su, da wuya a sami wanda ya kai ruwan wardi farin jini. Larabawa na kiransa ma'ul wardi, mutanen Iran kuma na ce masa gulab, wato ruwan fure. A ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Indiya akan ɗiga shi a shayi da madara da alewa, akan yayyafa wa baƙo shi a hannu don karramawa, kuma akan gauraya shi da ruwan Zamzam idan za a wanke cikin Ɗakin Ka'aba. Ita kanta kalmar wardi da Hausawa ke amfani da ita ararriya ce daga Larabci, abin da ke nuna cewa sanin wannan fure a ƙasar Hausa ba na jiya ko shekaranjiya ba ne.

To, amma a 'yan shekarun nan 'yan talla sun ɗora wa ruwan wardi kayan da suka fi ƙarfinsa. Akan ji ana cewa duk mai shan sa kullum fatarsa za ta yi sheƙi, tsufa zai yi masa nisa, hantarsa da ƙodarsa za su wanku, damuwa za ta rabu da shi, har ma wai yana sauke sukari da hawan jini, saboda yana ƙunshe da bitamin iri-iri. Ɗalibin sakandare na jin waɗannan maganganu, iyayensa na ji, malaminsa ma na ji, kuma wasu na fitar da kuɗinsu saboda su.

Matsayin da wannan maƙala ta ɗauka shi ne, ruwan wardi kayan ƙamshi ne mai daraja, kuma shan kaɗan daga cikin wanda aka yi domin abinci ba shi da aibu ga mai lafiya. Amma ba magani ba ne, kuma ita kanta hanyar da ake bi a samar da shi ta isa ta nuna dalili. Duk ɗalibin da ya fahimci darasin tatsar ruwa ta hanyar tururi, wanda ake koyarwa tun farkon karatun kimiyyar sinadarai, yana da makamin da zai auna wannan talla da kansa.

Asali Da Tarihi

Wardi iri-iri ne, amma wanda aka fi tatsa shi ne wanda masana tsirrai ke kira Rosa damascena, wato wardin Dimashƙa, babban birnin Siriya. Sau ɗaya yake yin fure sosai a shekara, galibi tsakanin Mayu da Yuni, kuma da asuba ake tsinkar furen, domin da zarar rana ta ɗaga ƙamshin zai fara bin iska. Wuraren da suka shahara da nomansa sun haɗa da Kashan da Ƙamsar a Iran, da Ɗa'if a Saudiyya, da Isparta a Turkiyya, da kwarin Kazanlak a Bulgeriya, da Kala'at Maguna a Maroko, da kuma Kannauj a Indiya. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar wardi ta ƙauyen Almarah na Siriya cikin jerin al'adun da duniya ta gada, sannan a 2024 ta sanya ta Ɗa'if.

Masanan daular Musulunci ne suka kyautata fasahar tatsar wannan fure. Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsa, mai ɗauke da hanyoyi sama da 100. Ibn Khaldun ya kawo lissafin harajin da ke shiga baitulmalin Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, kuma a ciki akwai kwalaben ruwan wardi 30,000 da lardin Farisa ke aikawa duk shekara. Ibn Sina kuwa, wanda aka haifa a 980 ya rasu a 1037, ya yi bayanin wardi cikin magungunan da ya tattara a littafinsa Alƙanun.

Daga nan ruwan wardi ya shiga Turai. Kalmar gulab ta zama julab a Larabci, masu haɗa magunguna a Turai kuma suka are ta suka raɗa wa ruwa mai zaƙi da ƙamshi wanda ake zuba magani mai ɗaci a ciki domin ya shawu. Wannan batu abin lura ne: tun a wancan zamani, ɗaya daga cikin ayyukan ruwan wardi a kantin magani shi ne raka magani, kamar yadda 'yan rakiya ke raka amarya ba tare da sun zama amaryar ba.

Yadda Ake Tatsar Sa

A Ƙamsar har yanzu ana bin hanyar gargajiya. Akan zuba furanni da ruwa a babbar tukunyar tagulla, a rufe bakinta ruf, a hura wuta. Tururin da ya tashi sai ya bi ta bututu zuwa wata tukunya da aka nutsar cikin ruwan sanyi, a can ya huce ya koma ruwa. A saman wannan ruwa wani ɗan mai kan taso, shi ne man wardi mai tsadar gaske, wanda sai an tatsi kimanin tan uku zuwa huɗu na fure kafin a sami kilo ɗaya. Abin da ya rage a ƙarƙashin man shi ne ruwan wardi.

Ruwa na tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Sinadaran ƙamshin wardi kuwa, irin su sitronelol da jeraniyol da fenil'etanol, in su kaɗai ne ba sa tafasa sai zafi ya haura digiri 200, kuma kafin a kai nan furen ya lalace. Hikimar tatsar tururi ita ce, idan aka dafa furen cikin ruwa, tururin ruwan kan kwashi ɗan abin da ke tashi daga waɗannan sinadarai ya yi gaba da shi, ba tare da zafin ya wuce digiri 100 ba. Sitronelol da jeraniyol ba sa jituwa da ruwa sosai, don haka mafi yawansu kan taru a cikin man. Shi kuwa fenil'etanol yana narkewa, har kimanin giram 20 a lita ɗaya, saboda haka shi ne ya fi yawa cikin sinadaran da ke saura a ruwan wardi.

A nan ne zancen yake. Tururi ba ya ɗaukar komai da komai, sai abin da ke iya tashi. Ruwan sama daga teku mafi yawansa ke tasowa, amma ba wanda ya taɓa jin gishiri a cikinsa, domin gishirin ba ya bin tururi. Haka abin yake a tukunyar wardi. Sinadarin da ke ba furen launinsa, wato antosayanin, a tukunya yake zama. Haka tanin, sinadari mai bauri irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Haka dangin filabonoyid, waɗanda ake yaba wa da kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa. Haka ma bitamin C da A da E da ma'adinai irin su ƙarfe da kalsiyam. Duk waɗannan a jan ruwan da ya rage a gindin tukunya suke, wanda galibi zubar da shi ake yi.

Shaidar wannan a bayyane take ga mai ido. Furen wardin Dimashƙa ja-ja ne mai haske, amma ruwan wardi na ainihi garau yake kamar ruwan sha. Idan launin furen bai iya ƙetare bututu ba, to bitamin ma bai ƙetare ba. Kwalbar da aka ga ruwanta ya yi ja kuwa, ko dai rini aka zuba mata, ko kuma an haɗa ta da wani abu dabam. Fiye da kashi 99 cikin 100 na ruwan wardi tsantsa ruwa ne kawai.

Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Tushen ruɗanin shi ne, abubuwa huɗu ne ake samu daga wannan tsiro, kuma 'yan talla kan tattara kirarin dukkansu su jingina wa guda ɗaya. Na farko shi ne furen da kansa, wanda akan busar a yi shayi da shi, ko a dafa shi da sukari, kamar yadda ake yi a Indiya da Iran. Mai shan wannan shayi yana samun tanin da filabonoyid, domin jiƙo ne, kuma jiƙo na fitar da abin da ke narkewa cikin ruwa. Na biyu shi ne man wardi. Na uku shi ne ruwan wardi. Na huɗu kuma su ne 'ya'yan wardi, wato jajayen 'ya'yan da ke fitowa bayan fure ya kaɗe.

Labarin bitamin C daga waɗannan 'ya'ya ya samo asali. 'Ya'yan wardin daji na iya ƙunsar miligiram 400 ko fiye na bitamin C a giram 100, alhali lemon zaƙi na da kimanin miligiram 50. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da shigo da lemo Ingila ya yi wuya, gwamnatin ƙasar ta shirya gangami tun daga 1941, inda mata da 'yan makaranta suka riƙa tsinto 'ya'yan wardin daji ana dafa su ana ba yara. Wannan tarihi gaskiya ne, sai dai ba shi da alaƙa da ruwan da aka tatsa daga fure ta hanyar tururi. Wanda ya sayi ruwan wardi don neman bitamin C tamkar wanda ya tsaya kusa da mai tsire ne yana shaƙar hayaƙi, yana zaton ya ci nama.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Ba a ce masana ba su yi bincike a kan wardi ba. Sun yi, musamman a jami'o'in Iran da Turkiyya da Indiya. Abin tambaya shi ne a kan me aka yi binciken, kuma a jikin wa.

Kashi na farko shi ne na ɗakin gwaje-gwaje, inda akan ɗiga man wardi a kan ƙwayoyin cuta da aka shuka a faranti, a ga ya hana su yaɗuwa. Shi kansa fenil'etanol masu haɗa magunguna na amfani da shi don hana wasu magungunan ɗigawa lalacewa, a ma'aunin kashi 0.25 zuwa 0.5 cikin 100. To, sai a yi lissafi. A ƙaddara cewa lita ɗaya ta ruwan wardi na ɗauke da giram ɗaya na sinadaran ƙamshi, kuma wannan an yi masa karamci. Ƙaramin cokali, mai mililita 5, zai ƙunshi miligiram 5 ke nan. Idan aka zuba shi a kofin ruwa mai mililita 250, ƙarfinsa ya koma kashi 0.002 cikin 100, wato ya gaza abin da ake bukata don hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa fiye da sau 100. Wannan tun kafin a haɗiye ke nan, tun kafin ya bazu a jikin da ke ɗauke da ruwa kimanin lita 40, kuma tun kafin hanta ta sarrafa shi. Magani da adadinsa yake aiki, ba da sunansa ba.

Kashi na biyu shi ne gwajin dabbobi. Alal misali, a 2009 masu bincike a Iran sun ba da rahoton cewa abin da suka tatso daga furen wardi ya rage hauhawar sukari a jinin ɓeraye bayan cin abinci. Amma da wani sinadari mai suna metanol suka jiƙa furen, wanda ke fito da irin abubuwan nan da tururi ke bari a tukunya. Ga shi kuma ɓera ba mutum ba ne. Magunguna da dama sun yi aiki a jikin ɓeraye, da aka zo kan mutane suka gaza.

Kashi na uku shi ne gwajin mutane. A 2005 an wallafa wani bincike daga Taiwan, wanda aka yi a kan 'yan mata 130 masu fama da ciwon mara a lokacin al'ada. An ba 70 daga cikinsu shayin furen wardi, sauran 60 aka ajiye su don kwatantawa, aka bi su har wata shida, kuma masu shan shayin sun ce ciwon ya yi musu sauƙi. Wannan sakamako abin a duba ne, sai dai shayin fure aka sha ba ruwan wardi ba, kuma 'yan matan sun san abin da suke sha, su ne kuma suka faɗi yadda suke ji. Sauran gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane galibi ƙanana ne, kuma mafi yawansu a kan shaƙar ƙamshin ne, ko shafa man, ko shan abin da aka tatso daga furen da kansa.

A 2014 kwamitin magungunan tsirrai na hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ya kammala nazarin furen wardi. Abin da ya amince da shi shi ne jiƙon busasshen fure don kurkurar baki da maƙogwaro idan sun ɗan kumbura, da kuma shafawa a ƙaramin kumburin fata. Kwamitin ya dogara ne da daɗewar da aka yi ana amfani da shi, ba da ƙwaƙƙwaran gwaji ba. A nan ma jiƙo ake magana, kuma baurin tanin ne ake ganin yana yin aikin.

Batun wanke hanta da ƙoda kuwa ya saɓa wa yadda jiki ke aiki. Ƙodar baligi mai lafiya na tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, ta mai da kusan dukkansa cikin jini, ta fitar da kimanin lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Ita ce mai wanke jiki, kuma abin da take bukata shi ne isasshen ruwa mai tsabta, ko da ƙamshi ko babu.

Hujjar Masu Cewa An Daɗe Ana Yi

Wani zai ce abin da al'ummomi suka shafe shekara fiye da dubu suna sha, kuma manyan likitoci irin su Ibn Sina suka ambata, ba zai rasa amfani ba. Wannan hujja ba abin rainawa ba ce, domin maganin gargajiya ya sha nuna wa kimiyya hanya. Kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka ciro shi a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake dogaro da shi a asibitoci, wato atimisinin, wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta ne suka ciro shi a 1972 daga wani ganye dangin tazargade, bayan sun bi diddigin tsofaffin littattafan likitancin ƙasarsu, kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma waɗannan magunguna sun sami karɓuwa ne saboda an gwada su a kan marasa lafiya an ga sun warke. A ɗaya ɓangaren, likitocin Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ba marasa lafiya zaiba, alhali guba ce. Daɗewa na nuna inda ya kamata a bincika, amma ba ta maye gurbin binciken.

Abin sha'awa kuma shi ne, Ibn Sina da kansa ya shimfiɗa sharuɗɗa bakwai na gwada magani a juzu'i na biyu na Alƙanun. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya kasance tsantsa ba gauraye ba, a gwada shi a kan cuta guda, a lura da lokacin da ya ɗauka kafin ya yi aiki, a ga cewa yana yin aikin a kowane lokaci ko a mafi yawan lokuta, sannan a gwada shi a jikin mutum, domin abin da ya faru a jikin dabba ba lalle ne ya faru a jikin mutum ba. Wanda ke kafa hujja da sunan Ibn Sina ya kamata ya karɓi sharuɗɗansa ma.

Wani kuma zai ce shi dai ya sha ya ji daɗin jikinsa, kuma jiki magayi. Ba a ƙaryata shi ba. Sai dai yawancin ciwon maƙogwaro da mura kan tafi da kansu cikin mako guda ko makamancin haka, kuma duk abin da aka sha a rana ta biyar shi zai karɓi yabon. Haka nan tsammanin samun sauƙi kan rage raɗaɗi, shi ya sa masu bincike ke ba wasu daga cikin mutanen da suke gwaji a kansu abin gangan mai kama da maganin, ba tare da kowa ya san wanda ya sami na gaske ba.

Amfaninsa Na Gaskiya

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce ruwan wardi aikin banza ne. Hanyoyin jin ƙamshi a ƙwaƙwalwa na da kusanci da sassan da ke kula da tunawa da yanayin zuciya, don haka ƙamshi mai daɗi kan kwantar da rai na ɗan lokaci. Mara lafiyar da abinci ya fita ransa na iya karɓar kunu ko madarar da aka ɗiga wa ruwan wardi. Mutumin da ba ya son shan ruwa zalla na iya ƙara yawan abin da yake sha idan ruwan na da ƙamshi.

Mafi girman amfaninsa shi ne idan ya kori sukari daga kofi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 na iya ɗaukar giram 35. Wanda ya ajiye shi ya sha ruwan sanyi mai ɗigon wardi ya taimaki haƙoransa da jikinsa. Amma yabon na sukarin da aka bari ne, domin ganyen na'ana'a ko yankan lemon tsami ma za su yi wannan aiki a kan kuɗi kaɗan.

Inda Haɗarin Yake

Babban haɗari shi ne jinkirta magani. Ciwon sukari da hawan jini kan yi ɓarna a ɓoye, su taɓa ido da ƙoda da zuciya kafin mai su ya farga. Wanda ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa ya koma wa ruwan wardi, ba ruwan ne zai cutar da shi ba, rashin maganin ne. Haka yaron da ke gudawa, abin da zai ceci ransa shi ne ruwan gishiri da sukari da kuma kai shi asibiti. Jariri kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, balle ruwan ƙamshi.

Na biyu, ba kowace kwalba mai hoton wardi ake sha ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke kantunan kayan kwalliya an yi su ne don shafawa, kuma akan haɗa su da gilisarin, ko barasa, ko rini, ko turaren da aka haɗa a masana'anta. Wajibi ne a karanta abin da ke jikin kwalba, a tabbata an yi ta domin abinci. A Nijeriya akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ya kamata a duba lambarta da ranar da kayan za su lalace. Amma lambar rajista ba ta nufin hukumar ta tabbatar da duk abin da ɗan talla ke faɗa da bakinsa.

Na uku, man wardi ba abin sha ba ne. Ƙarfinsa ya ninka na ruwan wardi sau ɗaruruwa, kuma yana ɗauke da ɗan sinadarin metil'ujinol, wanda a 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa cutar. Na huɗu, jan sharba mai kauri da ake sayarwa da sunan wardi mafi yawansa sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara. Na biyar, kwalbar da aka buɗe aka bari a zafi na iya zama gidan ƙwayoyin cuta, shi ya sa bai dace a ɗiga ruwan wardi a ido ba, kuma wanda ya yi gurɓi ko ya sauya wari sai a zubar. Furannin ado da ake sayarwa don biki ma ba na ci ba ne, saboda magungunan ƙwari da ake fesa musu.

Aikin Da Ke Gaban Makarantu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Malamin kimiyya na iya nuna duk abin da aka faɗa a sama cikin darasi guda, ko da ba shi da furen wardi. A dafa zoɓo ya yi ja wur, a zuba shi a tukunya, a ajiye ƙaramin kwano a tsakiya bisa wani abin da zai ɗaga shi, a kifa murfin tukunyar a juye, a zuba ruwan sanyi ko ƙanƙara a kan murfin, a ci gaba da dafawa a hankali. Ruwan da zai ɗiga cikin kwanon zai fito garau, jan launin ya tsaya a tukunya, tsamin ma kusan duka ya tsaya. Idan aka maimaita da ɓawon lemo ko na'ana'a, za a ji ƙamshi ya ƙetare. Daga nan sai a gauraya ɗan sitaci da ɗigon aidin har ya yi shuɗi. Ruwan lemon tsami zai kawar da shuɗin saboda bitamin C da ke cikinsa, sai ɗalibai su gwada ruwan wardi tsantsa su rubuta abin da suka gani.

Shi kansa zoɓo misali ne na yadda ake gwada abin sha. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi a kan mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Wasu sun sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, wasu kuma aka ba su abin gangan mai kama da shi. Ma'aunin jini na sama ya sauka da kimanin 7 ga masu shan zoɓo, ya sauka da kimanin 1 ga sauran. Gwajin ƙarami ne, kuma bai mai da zoɓo madadin maganin likita ba, amma an faɗi abin da aka sha, da yawansa, da waɗanda suka sha, da abin da aka kwatanta shi da shi.

Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata ɗalibi ya riƙa yi a duk lokacin da aka tallata masa wani abu da sunan lafiya. Wane ɓangare na tsiron ake magana a kai, kuma yaya aka sarrafa shi? Nawa ne adadin sinadarin da zai shiga jiki? A kan wa aka gwada, faranti ko ɓera ko mutum? Da me aka kwatanta? Sannan wa zai ci riba idan aka yarda?

Kammalawa

Ruwan wardi ya cancanci matsayin da tarihi ya ba shi a ɗakin girki da wurin karrama baƙo da wuraren ibada, kuma fasahar da ta samar da shi na cikin abubuwan da masanan Bagadaza da Farisa suka bar wa kimiyyar sinadarai. Mai lafiya da ke son ƙamshinsa ya sayi wanda aka yi domin abinci, ya ɗiga ƙaramin cokali a kofinsa, ya ajiye kwalbar a wuri mai sanyi. Mai neman bitamin C ya nemi gwaiba da lemo da kuka da zogale, waɗanda suka fi araha. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa ya riƙe maganinsa, ya ci gaba da zuwa awo. Malamai kuma su kai tukunya da zoɓo aji, domin ɗalibin da ya ga jan launi ya tsaya a tukunya da idonsa zai san tambayar da zai yi wa ɗan talla na gaba, ko da ba wardi yake sayarwa ba.